Lauya da Na'urar Kotu

Shekara goma sha biyu Lauya ya yi yana kare masu kutse a intanet, kuma dabararsa ɗaya ce tal: ya nuna wa alƙali cewa wanda ake tuhuma bai san komai game da kwamfuta ba. Ya zaɓi fannin ne don ya lura alƙalan ma irinsa ne, ba su san kan kwamfuta ba, babu mai tona asirin wani. A ofishinsa, ƙarƙashin fanka mai ƙara, yakan kwashe mako yana koya wa gwanin kutse danna maɓalli da yatsa ɗaya.

Sai aka kama ɗan yayarsa, wanda ake kira Injiniya, bisa zargin shiga rumbun bayanan wani kamfani. Yaya ta ce, "Idan aka ɗaure shi, kada ka ƙara taka gidana."

Ranar shari'a, na'urar da za ta haska hujjar masu ƙara ta ƙi aiki. Magatakarda ya danna nan, ya danna can, har alƙali ya fara zancen korar ƙarar. Injiniya yana ta mutsu-mutsu, can ya miƙe.

"Haba malam, ba nan ba ne! Kawo ka gani."

Lauya ya finciko rigarsa. "Zauna, ɗan banza!"

"Kawu, minti ɗaya ne fa."

Bai ma kai minti ba. Hujja ta fito tar a bango. Alƙali ya yi masa godiya sosai, sannan ya ba shi shekara uku.

Har yau daga bakin titi Lauya yake aika wa yayarsa gaisuwa.