Kunnen Saniya

Shekarun farko na 'yancin kai, ina sayar da hatsi a kasuwar Dakoro, amma hankalina yana wurin shanun da mahaifinmu ya bar mana. Yayana ne ke kiwonsu. Shi ya san daji, ni na san bakin mudu, haka muka raba aikin.

Wata ranar kasuwa mai shela ya buga ganga, ya ce gwamnati ta aiko da sanarwa: ciwon bushiya ya taso, kowa ya kawo shanunsa a yi musu allura, kyauta. Na ji daɗi har raina, don na taɓa ganin ɓarnar bushiya ina ƙarami. Sai dai wanda ya rubuta sanarwar, ko wane ne, na tabbata bai taɓa riƙe igiyar maraƙi ba. Ya manta abu ɗaya: duk saniyar da aka yi wa allura, malaman dabbobi za su tsaga mata kunne don kada a maimaita.

To, a wurinmu tsagar kunne shaidar mallaka ce. Kowane gida da irin tasa. Da makiyaya suka ga baƙi sun sa ƙarfe a kunnen saniyar farko, ba wanda ya tsaya tambaya. Kafin la'asar fili ya watse, labari ya kai kowace rijiya cewa gwamnati na karɓe shanu.

Na tarar da Yaya yana ɗaure kaya a kan jaki.

"Yaya, ka dakata. Magani ne hwa."

"Magani a kunne? Kai zamna cikin hatsinka. Shanun baba ba su zama na gwamnati ina raye."

Ya yi arewa da su, wajen Azagor.

Daga ranar zama ya gagare ni. In auna hatsi in manta na nawa ne, in bar rumfa in nufi biro, wato ofishin gwamnati. Akawun da ke can, wanda muke ce wa Mushe irin na Faransanci, har ya gaji da ganina.

"Mushe, ku ƙara magana guda mana. Ku ce ma mutane tsagar nan ba ta mallaka ba ce."

"Daga sama sanarwa ta zo, ba ni iya taɓa ta. Mun aika, ka yi haƙuri."

Haƙurin ne ba ni da shi. Na bi masu raƙuma da saƙon baki, na bi mahauta, na bi masu kai gishiri. Kowa ya ce zai faɗa, amma maganar ɗan kasuwa ba ta da ganga a gabanta. Haushi ya ishe ni, na Yaya da na masu biro duka.

Sanarwa ta biyu ta zo daga baya, da bayani tiryan-tiryan, har da batun kunne. Mai shela ya zaga kasuwa da ita, mutane suna gyaɗa kai. Waɗanda aka yi dominsu kuwa suna can inda ganga ba ta kaiwa.

Bayan damina Yaya ya dawo, ya rame, yana jan saniya guda. Bushiya ta sami shanun a bakin wata rijiya, saniyar nan kaɗai ta rage. Na miƙa masa ruwa. Ya sha, ya kama kunnen saniyar yana murzawa a hankali.

"Diba," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa shi."