Shekarar da Hayaƙi Ya Bar Gidanmu

A zamanin da ake ce wa jiharmu Gongola, ɗana na fari ya samu aikin ofis a nan Mubi, ya ce lokaci ya yi da gidanmu zai rabu da hayaƙi. Ni kuwa tun da aka kawo ni aure daga duwatsun Michika, ban san wani girki ba sai na itace.

A saman murhuna, jikin azara, nan nake rataye irin dawata. Ja ce, gajeriya, ba ta tsoron fari. Uwata ce ta ɗaura mini ita a bakin zane ranar da na bar gida. Kowace kaka sai in zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika a gonarmu ta Bahuli, in ɗaure, in rataye. A can gida sun daɗe da barin ta, sun koma masara. Abin da ke rataye a kicin ɗina, shi ne iyakar abin da ya rage. Kuma a wajenmu ba a taɓa iri, ba a sauke shi, sai ruwan farko ya jiƙa ƙasa.

To, masu jan waya suka zo. Aka kwashe duwatsun murhu, aka kankare kunkunniya, aka shafe bango da farar ƙasa. Aka kawo murhun lantarki fari tas, da firji, da fanka, da wani ƙarfe da ake tsomawa a bokiti ruwa ya tafasa. Ɗana ya tambaye ni abin da nake so a bar mini, na ce irina kawai. Da hannunsa ya buga sabuwar ƙusa, aka rataye na kakar bana a inda na saba.

"Mama, yanzu idonki zai huta," in ji shi.

Idona ya huta, ba zan yi ƙarya ba. Amma wutar nan ba ta da harshe, ba ta da ƙamshi. Faifan ƙarfe ne yake yin ja a hankali, kamar idon wanda ya daɗe yana kuka. Maƙwabta suka daina shigowa ɗiban garwashi. Kyanwar da ke kwana cikin toka ta yi ta zagaya kicin, daga baya ta fita, ba mu ƙara ganin ta ba.

Da bazara ta yi nisa na fara jin motsin. Da tsakar rana ne, lokacin da kowa ya fita, gari ya yi tsit. Ƙis, ƙis, ƙis, can ƙasa-ƙasa, kamar mai niƙa a ɗakin da ba a son a san tana ciki. Na faɗa wa surukata, matar ɗan nawa, ta yi dariya, ta ce kukan firji ne.

"Ko kuma mutanen ɓoyenki ne suka biyo hasken, Mama. Su ma sun gaji da duhu."

Na ce mata, 'yata, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Amma ran nan aka ɗauke wuta muna tsaye ni da ita. Firji ya yi shiru, fanka ta tsaya. Motsin bai tsaya ba. Ta dube ni, na dube ta, ta ɗauki tulu ta ce za ta ɗebo ruwa, alhali randa cike take.

Sai kuma garin. Kullum da safe zan tarar da gari mai laushi a kan farin murhun, ja-ja, kamar an barbaɗa da yatsu. In share, gobe ya dawo. Babu wanda ya yi niƙa a gidan. Na tuna uwata, wadda ta daɗe a ƙasa, yadda take barin ɗan gari a kan dutsen niƙa in ta gama. Na ɗaga kai na dubi irin. Bai taɓa yin kyau haka ba. Duk shekarun baya baƙi ƙirin nake saninsa saboda hayaƙi, yanzu ga shi ja jawur, tsaf, yana lilo a iskar fanka.

Ranar da ruwan farko ya sauka, na hau turmi na kwanto shi. Damin ya zo hannuna babu nauyi ko kaɗan. Na murza zangarniya ɗaya, ta ruguje. Kowace ƙwaya da ɗan rami, cikinta fanko. Ƙananan ƙwari baƙaƙe suka zubo, suka bi hannuna har gwiwa.

Ɗana ya tsaya a bakin ƙofa, takalmansa jiƙe. Ya ce bai san hayaƙi ne ke tsaron irin ba. Na ce ni ma haka. Uwata cewa ta yi in rataye a saman murhu, ba ta ce mini don me ba, wataƙila ita ma ba a faɗa mata ba.

Muka zauna ni da surukata muka tsince waɗanda ba mu ga rami a jikinsu ba. Ba su cika tafin hannu ba. Na kai su Bahuli na shuka a gefen da ya fi danshi.

Daminar ta yi kyau. Masarar maƙwabta ta fito, ciyawa ta fito, har kuɓewar da ba wanda ya shuka ta fito. Layina kaɗai ya zauna yadda na bar shi, da sawun diddigena a kan kowane rami. Na tona ɗaya da yatsa. Ɓawon yana nan, ja, ƙasa ta cika cikinsa. Na mayar, na rufe.