Hannun Malama Saratu

Malama Saratu 'yar Gummi ce, amma kusan duk aikinta a wata firamare da ke kusa da Nasarawa Burkullu ta yi shi, can ƙasar Bukkuyum. Ajina yana jikin nata, kuma bangon da ya raba mu bai kai rufi ba, don haka duk abin da ta koya wa yaranta ni ma na koya, ko ina so ko ba na so. Doguwar mace ce mai saurin tafiya da saurin magana, irin mutanen nan da za su yi maka alheri kafin su tambaye ka ko kana buƙata.

A ƙarshen shekarun 1990 aka turo mana ita, ta kuma zo da wata al'ada. Kowace safiya sai ta tsaya a bakin ƙofar aji tana tambayar kowane yaro yadda ya kwana. Ta ce yaron da bai karya ba, ko wanda ya bar Innarsa kwance, ba ya jin lissafi ko da ganga za ka buga masa. Gaskiya ta faɗa. Sai dai a ƙasar nan ba a amsa gaisuwa da ƙorafi. Yaro zai zo idanu jawur, leɓe a bushe, ya ce mata lafiya lau ya wuce. Haka nake jin su ta saman bango, kowa lafiya lau, kamar ba a taɓa yin zazzaɓi a garin ba.

A ajinta akwai Dija, 'yar Fulanin wata ruga da ke bayan gari. Ta shigo makaranta da girmanta, ita kaɗai ce daga rugarsu, kuma sai da Malama ta yi ta zarya kafin babanta ya yarda. Yarinyar tana da kai. Burin Malama bai wuce ta ga Dija ta gama firamaren nan ba.

Da bazara ta yi tsanani, maza suka kora shanu kudu neman ciyawa, nono ya ja baya a ruga. Dija ta fara gyangyaɗi a aji. Wata safiya ta ce lafiya lau kamar kullum, ba a jima ba jiri ya kwashe ta, ta faɗa jikin benci. Malama ba ta tsaya tunani ba. Ta buɗe filas ɗin kokonta, ta cika kofi, ta kira ta gaban allo.

"Amshi ki sha, Dija. Tun jiya ba ki ci komi ba, ga shi nan ga idonki."

"Na ƙoshi, Malama."

"Ƙoshin mi? Sha nic ce!"

Wani yaro ya yi dariya a baya. Dija ta riƙe kofin tana kallon ƙasa, ba ta kai shi baki ba har aka buga ƙararrawar tara. Ta ajiye shi a cike kan tebur ta fita. Washegari ba ta zo ba.

Malama ta bi ta ruga, ta tarar da Innarta, Atine, tana gyaran ƙwarya a gindin bishiya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, Atine ta shimfiɗa mata tabarma, har ta kawo mata ɗan nonon da ya rage.

"Ba mu ce mugunta kika yi ba, Malama," in ji Atine. "Amma gaban yaran gari kika hwaɗi ba a ci gidanmu. Mu ba mu hana ta ba. Ita tac ce ba ta komawa."

Fulako ke nan. Mu da muka tashi da Fulani mun san Bafillace ya gwammace ya kwana da yunwa da a ga yana jin ta. Ita ma Malama ta sani, saurinta ne ya riga saninta. Ta koma rugar ba sau ɗaya ba, Dija ba ta ko fito daga bukka ba. Da damina ta faɗi suka tashi daga wurin. Ban taɓa ganin abu ya dami Malama kamar wannan ba, har filas ɗin ta daina kawowa na wani lokaci.

Da aka dawo hutu sai ta canza salo. Tana nan a bakin ƙofa, tana tambaya, ana ce mata lafiya lau. Amma yanzu takan riƙe hannun kowane yaro yayin gaisuwar. Ta gaya musu cewa wanda bai kwana daidai ba, ko yunwa ce, ko ciwo, ko wani abu a gida, ya ɗan matse mata yatsu, bakinsa kuma ya faɗi abin da aka saba. Wanda ya matse ba ta kallonsa ma. Sai an fara darasi ta aike shi ɗauko alli a ɗakin ajiya, inda filas da kofi ke jira bayan ƙofa. Idan ba yunwa ba ce, takan same shi lokacin tara su yi magana su biyu, ranar kuma ba ta kiransa gaban allo.

Ba a rasa 'yan wayo ba. Akwai Makau, wanda kullum sai ya matse, alhali gidansu ake soya ƙosan unguwar. Na ce mata yaran nan sun mai da ita mai koko. Ta ce gara Makau ya sha na banza da wani ya rasa. Ni ma na gwada abin a ajina, ban jure tsayuwar ba na bari. Ita kuwa ta yi shekaru a kai, har iyaye a kasuwa suka san labarin hannun Malama.

Wajen 2009, tana dab da komawa Gummi, wata safiyar sabon zango na ga wata Bafillatana da goyo tsaye a bayan layin yara, riƙe da hannun wani ɗan yaro. Sai da kowa ya shige ta matso. Malama ta gane ta nan take, ta gaishe ta.

"Ina kwana, Dija?"

"Lahiya lau, Malama."

Ba ta ce ɗanta ne ba, ba ta kuma faɗi sunansa ba, da yake ɗan fari ne. Ta dai sa hannunsa cikin na Malama.

"Ga yaron gidanmu na kawo. Shi ma ko ya kwana da yunwa ba ya hwaɗi." Ta gyara goyonta. "Amma na gwada mai yadda za ya yi da hannu."