Gaisuwar da Ta Raba Yayana da Gonar Maori

Edita, Allah ya ƙara wa alƙalaminku albarka. A shekarar 2018 ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da ɗaya, ina aikin cike takardun shigo da kaya a wani kamfanin naman sanyi da ke Port Saeed a Dubai. Ina kwana a ɗakin haya a Karama, iyalina kuma suna Zariya. Kafin in fito, shekara tara na yi ina akawu a ofishin bayar da kwangila na wata ma'aikata a gida. Da hannuna na sha liƙa tallan tenda a allo, wato kowa ya kawo tayinsa a rufaffiyar ambulan, alhali tun makon jiya na san wanda za a ba. Na ga ambulan da aka buɗe da tururin buta, aka leƙa, aka mayar aka manne. To, mutumin da ya yi irin wannan zama, ko sallama ka yi masa sai ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta. Haka nake, kuma a lokacin wayewa nake kiran abin.

Ina da wani wa, ɗan wan mahaifina, gida ɗaya muka tashi, Yaya nake ce masa. Mu mahauta ne tun kakanni. Ni na gudu na kama biro, shi ya riƙe wuƙa, ita ce ma ta kai shi New Zealand, inda ya shekara goma sha uku yana yankan halal a wata babbar mayanka. Yanka ɗaya, motsi ɗaya, daga safe zuwa yamma, har kafaɗarsa ta dama ta lalace. Likita ya gaya masa in bai ajiye wuƙar ba, nan gaba kaɗan ko hannu ba zai iya ɗagawa ya yi kabbara ba. Shi kuwa ba shi da wata sana'a sai dabba, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Abin da yake nema kawai shi ne fili ya yi kiwo, ya daina tsayuwa a gaban dabbobin da aka rataye.

Wata rana ya kira ni, muryarsa kamar ta yaro ranar Sallah. Ya ce an buga a jarida za a ba da hayar wata gona ta mutanen Maori, wato 'yan asalin ƙasar, kusa da garin da yake. Ya bayyana mini cewa gonar gado ce, kamar gandun kakanmu, masu ita sun yi yawa, wasu ma ba su taɓa ganinta ba, kuma ba sa sayarwa ko me za ka ba su. Sun naɗa amintattu biyar su kula da ita, shugabarsu wata dattijuwa ce. Mai haya na da ya tsufa ya bari, shi ne suka ce kowa ya rubuta tayinsa, ya rufe, ya kai ofishin lauyansu kafin ranar da aka sa. Ba kuɗi kawai suke dubawa ba, har da wanda zai gyara shinge, ya sare ƙayar da ta ci gefen tudu, ya hana dabbobi shiga rafi, ya kuma bar maƙabartarsu da ke kan tudun a buɗe ga masu ziyara. Ya ce shi zai kawo ƙarfi da sani, ni in kawo abin da na tara mu sayi tumaki, garken rabi da rabi. Na amince nan take, don dama tunanin abin da zan koma gida da shi ya dame ni.

Zargin ya fara ne da ya turo mini kwafin takardun. Na duba sama da ƙasa, babu sunana. Da na tambaya, ya ce dokar ƙasar tana da tsauri ga baƙon da ke zaune a waje in ya nemi ƙasar noma, shi kuwa yana da izinin zama, don haka da sunansa za a yi tayin. Ya ce lauya ya rubuta wata yarjejeniya daban tsakanina da shi kan garken, ga ta nan ma ya haɗo. Na karanta ta, na ga sunana ƙuru-ƙuru, amma zuciyata ta ce takarda ai takarda ce, nawa na gani an yaga. Sai kuma a cikin hira ya ambaci cewa ya san dattijuwar nan. Ɗan ƙanenta abokin aikinsa ne a mayanka, lokacin da mijinta ya rasu ma ya je zaman makoki a zauren taronsu har kwana uku, ya kai rago. Na ce alhamdulillahi, ashe aiki ya gama kansa, yaushe za shi ya gaishe ta? Ya ce ai tun ranar da aka buga tallan ya ɗauke ƙafa daga gidanta, ko a kanti ya hango ta sai ya sake layi, don kada a ce ya nemi alfarma. A raina na ce akwai lauje cikin naɗi.

Akwai wani Alhaji mai harkar kargo a Sabkha, mutumin Kano, da nake zuwa shagonsa ranar hutu mu sha shayi a tsakanin katan-katan na atamfa da takalma. Shekararsa ashirin a Dubai, ba abin da yake yarda da shi sai abin da ya ɗora a sikeli. Na kwashe labarin na gaya masa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce habibi, khalas, an gama da ni. Ya ce ɗaya cikin biyu ne: ko Yaya ya zama Bature ya manta yadda duniya take, ko kuwa ya riga ya shirya da tsohuwar tuntuni, yana ɓoye mini ne don in bai samu a fili ba ya karɓa ta bayan gida da sunan wani, ni kuma ya ce mini an faɗi. Ya tambaye ni ko na san adadin da Yaya ya rubuta. Na ce a'a. Ya ce yalla, in kira shi yanzu, in buɗe murya kowa ya ji. Safiyar Asabar ce, na kira. Yaya ya ji hayaniyar shago da muryoyin mutane, ya ce ba zai faɗi abin da ke cikin rufaffiyar ambulan a kasuwa ba, in na koma ɗaki in kira shi. Alhaji ya ɗaga gira ya dube ni. Ban sake kiran ba, don a ganina na riga na ji amsa.

Mako guda na yi ina auna kowace kalmar Yaya. In ya yi jinkirin amsa saƙo, na ce yana wajen tsohuwar. In ya amsa da sauri, na ce yana lallaɓa ni. Har matarsa, baiwar Allah da take aiko wa 'ya'yana rigunan sanyi, na fara tunanin da ita aka ƙulla. A cikin takardun akwai wani sakin layi da ya ce duk mai tayin da ya tuntuɓi ɗaya daga cikin amintattun, kai tsaye ko ta hannun wani, za a cire shi. Na karanta shi sarai, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Murmushi kawai na yi, don irin wannan layin da kaina na sha buga shi a ofishinmu na da, mai kwangila na zaune a gefena yana jiran in gama mu tafi cin abinci.

Sai na yanke shawarar in gyara abin da kaina. Lissafina shi ne, in Yaya sakarci yake yi, na cece mu duka, in kuma ha'inci ne, to tsohuwar za ta san akwai wani ƙane a Dubai da ba a yi masa sakiyar da ba ruwa. Ai ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Na shiga kasuwar zinare ta Deira na sayi awarwaro biyu, na haɗa da kwalbar turaren oud da mayafi mai laushi. Adireshin amintattun da ke kan takardar, ashe gidanta ne. Alhaji ya ce in rubuta gaisuwa kawai, kada in ambaci gona, mai hankali zai gane. Ni da nake ganin na fi shi sanin ofis, na ƙara layi ɗaya a ƙasa: na rubuta cikakken sunan Yaya, na ce muna fatan za a tuna da mu ranar buɗe ambulan. Na aika ta jirgi, na koma aiki ina jin kaina kamar wanda ya yi wa dangi hidima.

Kwana shida bayan haka, ina cikin cike takardar wata kwantena, Yaya ya kira. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni a hankali ko ni na aika wa wata tsohuwa kaya. Har a lokacin bakina bai mutu ba, na ce e, ni ne, kuma da ya yi abin da ya kamata da ban sha wahala ba. Sannan ya gaya mini abin da ya faru. Dattijuwar ta buɗe kwalin, ta karanta wasiƙar, ta mayar da komai yadda yake, ta sa aka kai ta ofishin lauya a ranar. Ta kira sauran amintattun huɗu ta ajiye kayan a kan tebur, ta ce ita ta fita daga zaman zaɓen. An mayar wa Yaya ambulan ɗinsa ko buɗewa ba a yi ba. Kuma da yake dama akwai wasu a danginta da ke gunagunin ta cika son baƙon nan, magana ta bazu cewa wa ya san abin da ta karɓa a baya ba ta nuna ba. Matar da ta yi shekaru tana riƙon amanar gonar kakanninta, awarwarona biyu suka sa ana nuna ta da baki.

Na fara cewa ai gaisuwa ce, al'adarmu ce. Yaya ya ce in ji tsoron Allah, gaisuwa ba ta zuwa da ranar buɗe ambulan a ƙasanta. Sannan ya yi mini tambayar da har yau take cina. Ya ce in gaya masa gaskiya, taimakonsa na yi niyya, ko kuwa gadinsa nake yi? Na buɗe baki na rufe. Ya ce ya gane, ya kashe wayar.

Daga baya a bakin matarsa na ji sauran. Ya nemi izini ya je zauren taronsu ranar da masu gonar suka haɗu, ya cire takalmi a ƙofa kamar yadda suke yi, ya tsaya a gaban mutanen da ya ci abinci da su shekara da shekaru. Bai ce bai san ni ba, bai ce wani mahaukaci ne a Dubai ba. Cewa ya yi ƙanensa ne, jininsa ne, laifin gidansu ne, dattijuwar kuma ko ruwa ba ta taɓa karɓa daga hannunsa da wata manufa ba. Ta tashi ta riƙe hannunsa a gaban kowa, amma doka ta riga ta yi aikinta. Wani makiyayi maƙwabcinsu aka ba gonar, haya ta shekaru masu yawa. Abokin aikin nan nasa ya gaya masa adadin tayin da ya ci, ashe bai kai wanda Yaya ya rubuta ba, kuma da yawa a dangin dama shi suke fata. Kwalin ya dawo mini Port Saeed, komai na ciki, babu ko layi ɗaya na amsa. Da na gaya wa Alhaji, kafaɗa ya ɗaga, ya ce ai ya hana ni ƙara layin nan.

Na roƙi Yaya gafara, ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe ɗin, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Amma yafiya ba ta dawo da gona. Abin da na koya shi ne, ruɓar da na gani a wuri ɗaya na ɗauke ta na shafa wa duniya gaba ɗaya, har na kasa gane mai gaskiya ko da gida ɗaya muka tashi. Malamai sun ce zato zunubi ne, ni na ga nawa ya faɗa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. 'Yan'uwana da ke zaune a ƙasashen mutane, in kun ga an rubuta kada a yi abu, ku ɗauka da gaske ake, akwai wuraren da rubutu yake nufin abin da ya ce. In kuma zuciya ta fara raya muku wani abu game da ɗan'uwa, ku koma ɗaki ku kira shi ku tambaye shi, kada ku kai maganarsa shagon da ba a san shi ba. Ina rubuta wannan a ƙarshen 2021. Yaya yana nan a mayankar, ya koyi riƙe wuƙa da dabara saboda kafaɗar, an yi masa aiki sau ɗaya ana maganar na biyu. Matarsa ta ce hanyar zuwa aikinsa ta gefen gonar take bi, shi kuwa ya gwammace ya zagaya ta wata hanya mai nisa. Ku sa shi a addu'a, ni kuma ku roƙa mini Allah ya raba ni da wannan hali.