Ranar da Umma Lantana ta yi wa ɗan dambe wanka

Wata rana wata uwa a Zariya, Umma Lantana, tana shara ta ga ɗakin ɗanta Nazifi a buɗe. Ya yi sammakon fita aiki, ya manta bai sa kwaɗo ba.

Ku san cewa kwaɗon nan saboda ita ake sa shi.

Nazifi saurayi ne har da gemunsa, amma shi da 'yan tsana kamar ƙuda da mangwaro. Yana shiga kasuwar gwanjo ya tsinto jaruman roba na Turawa, ya cire musu riguna, ya sake musu fuska, ya naɗe musu hannu da zare, ya rataya musu layu ƙanana. Kafin ka ankara sun koma 'yan dambe.

Suna da ƙungiya guda ta masu son irin wannan, ranar Asabar ma za su haɗu kowa ya baje nasa a fitar da gwani.

Umma kuwa ta daɗe tana yi masa gori. Ta taɓa cewa a gaban baƙi, ƙato da shi yana wasan yara, ita ko da sanda ba za ta taɓa tarkacen nan ba.

Tun daga ranar ya sayo kwaɗo. Gaisuwa kawai ke haɗa su, abin kuma yana cin ta a rai, ta rasa ta inda za ta ɓullo masa.

To yau ga ƙofa a buɗe, sai ta leƙa.

A kan tebur ga wani ɗan dambe tsaye, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Kyakkyawa ne, ita kanta ta yarda. Sai dai ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa, gwiwa baƙa ƙirin, ga wani abu kamar busasshen jini a leɓe.

Ta ce a ranta, yaron nan da ƙazanta, haka zai kai shi gaban mutane?

Nan ta ga hanyar sulhu. Ta ɗebo ruwan ɗumi da sabulu da soso, ta zauna ta dirje bawan Allah tas.

Sai da ruwan roba ya koma ja, kafaɗar ɗan damben ta fito shuɗiya irin ta asalin robar, sannan ta dakata.

Ta dubi teburin da kyau. Ga 'yan kwalaben fenti, ga burushi siriri kamar tsinken sakace, ga hoton ɗan dambe a fili jikinsa duk ƙura.

Ashe dattin nan ba datti ba ne. Da gangan ya zana shi, ɗigo-ɗigo, aikin makonni.

Jama'a, Umma ta kasa cin abincin rana. Ba robar ce damuwarta ba. Tsoronta kada ya ɗauka da gayya ta yi, ya tattara kayansa ya bar mata gidan.

Ta yi tunanin ɓoye shi a buhun masara. Ta yi tunanin ɗora wa mage laifin. Daga ƙarshe ta ajiye shi a faranti, ta zauna tsakar gida tana jira.

Bayan la'asar Nazifi ya yi sallama. Idonsa ya sauka kan farantin, ya tsaya cak. Ya ɗauki ɗan damben yana juyawa.

Umma ta ce, "Ni ce, Nazifi. Wallahi na zaci ƙura ce. So na yi ka je da shi fes."

Ya ɗago ya dube ta. "Umma, ke da hannunki kika yi masa wanka? Ke da kika ce ko da sanda?"

"Har bayan kunne na cuɗa masa."

Sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Fenti ne, Umma, zan sake. Ni dai ban taɓa zaton za ki ko kalle su ba."

Wata ajiyar zuciya da ta sauke, maƙwabta ma sun ji.

Kwanakin da suka rage kafin Asabar, a tsakar gida ya baje kwalabensa. Shi yana mayar wa ɗan dambe ƙurarsa, ita tana gefe da mafici tana fifita fenti ya bushe, tana mita wai jinin leɓen ya yi yawa.

Bai zo na ɗaya a taron ba, kafaɗar nan ba ta koma daidai ba. Amma duk wanda ya tambaya sai ya ce shi da Ummansa suka yi.

Kwaɗon kuwa yanzu a ƙofar kejin kajinta yake.

Darasi: Kafin ka gyara wa mutum abin da yake ƙauna, tambaye shi, don abin da ka gani datti wataƙila nan ya fi shan wahala. Kai kuma da aka yi wa ɓarna, dubi niyyar mai ita kafin ka dubi asarar.

Idan akwai wanda ka taɓa yi wa dariya kan abin da yake so, tura masa wannan yau, ka ce ya nuna maka aikinsa.