Ƙarfen da Inna Hure Ta Tono

Duk wanda aka haifa a unguwarmu a Gaya, daga shekarar samun 'yancin kai zuwa bayan yaƙin basasa, hannun uwata ne ya fara taɓa shi. Inna Hure ungozoma ce, 'yar Toranke, aure ya kawo ta cikin gari. Gajeriya ce, ga ƙarfin hannu ga kaifin baki, mai unguwa ma kan sake hanya idan ya hango ranta a ɓace. Ita ke yanke cibi, ita ke binne mabiyiya a bayan ɗaki, don haka ta san ƙasar kowane gida. Sau uku ana kiranta ta tono abin da maƙiya suka binne wa mutane, ta kuwa tono ko gezau. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kada wani abu ya sami ɗanta Badaru.

Mu tara ta haifa, bakwai suka koma. Saura Yaya Badaru da ni, Hansai, autarta. Ni ban taɓa jin haushin yadda ta fi son sa ba, ko in ce na ji na gaji na daina.

Yaya direban babbar mota ne. A shekarar 1975 ya dawo gida da zama, ya zo da wani akwatin kiɗa da sai da ƙarti huɗu suka sauke shi. Rediyo ne a sama, wurin sa faifai a tsakiya, lasifika biyu a gefe. Yana da wani ɗan koren ido a goshi da ke buɗewa a hankali idan an kunna. Wuta kuwa daga injin Alhaji Kabo mai niƙa aka jawo ta, ta kan katanga. Ranar da Bala mai gyaran rediyo ya zo daga Kano ya haɗa kayan, mu mata muna Kademi wajen suna. Lokacin aurena ya mutu, ina zaune a gida. Muka dawo muka tarar gida ya cika da kiɗa, babu wanda ya ce mana ga abin da aka yi. Yaya dai bai ɗauki maganar waya a matsayin sha'anin mata ba.

Wata biyu lafiya lau. Ruwan farko da ya sauka, Inna ta zaga bayan ɗakin Yaya da safe ta ga ƙasa ta lotsa a wani wuri. Ta san ba ita ta haƙa ba. Ta kira ni da hannu, ta nuna min fartanya.

Na sara ƙasa kaɗan sai ga gawayi. Ƙarƙashin gawayin gishiri ne, ya dunƙule, ya yi fari fat. A tsakiya an kafa wani dogon ƙarfe, an ɗaure masa jar waya a wuya, wayar ta bi gindin bango ta shige ta wani ɗan rami zuwa cikin ɗakin.

"Gawayi don a baƙanta masa rai, gishiri don ya narke," in ji Inna a hankali. "Ga igiya an ja har makwancinsa. Wannan ba ƙaramin maƙiyi ba ne."

"Inna, mu gaya wa Yaya mana."

"Ki rufe min baki. In ya ji, tsoro ya shige shi, abin ya kama shi kenan. Rantse."

Na rantse. Ta yi bismilla ta datse wayar da wuƙar yankan cibi, ta cusa guntun cikin ramin ta liƙe da laka. Mu biyu muka girgiɗa ƙarfen har ya fito. Ta naɗe shi a tsohon zane, ta kai kududdufi ta jefa. Ranar har da guɗa ta yi a tsakar gida, ba wanda ya san dalili.

Daga ranar akwatin ya sake hali. Ya riƙa wani gurnani ƙasa-ƙasa a bayan waƙa, kamar mutum na nishi a cikin rijiya. Idan na shiga shara na goga hannu a jikin ƙarfensa, sai in ji kamar tururuwa na bin damtsena. Kyanwar gidan, wadda da kan akwatin take kwanciya don ɗumi, ta taɓa shi da hanci sau ɗaya ta yi tsalle, ba ta ƙara shiga ɗakin ba. Yaya ya ce damina ce, sanyi ne ya shige shi, in kaka ta yi zai kira Bala. Ya koma kunna shi da gefen riga yana dariya.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce abin da aka binne ya riga ya hau cikin akwatin kafin mu tono. Ta karɓo rubutu wurin malam, duk lokacin da Yaya ya fita sai ta yayyafa a jikin akwatin da bayansa da daɓen ɗakin. Ni nake riƙe mata ƙwaryar. Daɓen nan bai ƙara bushewa ba.

Wata Juma'a da hantsi aka yi ruwa aka ɗauke. Yaya ya yi wanka ya yi alwala, ya shiga ɗaki ba takalmi don ya kashe kiɗa ya tafi masallaci. Muna tsakar gida muna tsince shinkafa, sai muka ji faifan ya maƙale, mawaƙin yana ta maimaita kalma ɗaya. Muka jira Yaya ya ɗaga allurar faifan. Bai ɗaga ba.

"Badaru!" Inna ta kira. Shiru, sai kalmar nan.

Na riga ta isa ƙofa. Yana tsaye, hannunsa a kan ƙarfen allurar, wuyansa a sandare, idonsa a buɗe yana kallon bango. Ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Inna ta ture ni za ta rungume shi, a daidai lokacin aka kashe injin Alhaji saboda salla. Muryar mawaƙin ta yi kauri, ta ja, ta mutu. Koren idon ya rufe a hankali. Sannan Yaya ya faɗi.

Ranar sadakar bakwai Bala ya zo ta'aziyya. Ya roƙa a nuna masa ɗakin, ni na raka shi. Ya leƙa bayan akwatin, ya jawo jar wayar, ta biyo hannunsa guntuwa da busasshiyar laka a bakinta.

"Baiwar Allah, ina ƙarfen da na kafa a bayan ɗakin nan?"

Na ce, "Kai ka kafa?"

"Ni na kafa, da gawayi da gishiri don ƙasar ta riƙe danshi. Irin wannan akwati in wuta ta ɓalle a cikinsa, wayar nan ce ke kai ta ƙasa. In babu ita, sai ta bi ta jikin wanda ya taɓa. Ruwa kuwa ko kusa ba a kai masa. Wa ya yanke?"

Na ce masa ɓera ne. Ya dubi bakin wayar yadda wuƙa ta yanke shi sumul, ya dube ni, ya sa ta a aljihu. Bai tona mana asiri ba, Allah Ya saka masa da alheri.

Inna ta yi shekara huɗu bayan haka. Ta daina karɓar haihuwa, ta ce hannunta ya yi sanyi. Takan zauna a ƙofar ɗakin Yaya tana bin duk mai wucewa da ido, tana neman wanda ya binne ƙarfen. Sau da yawa na buɗe baki in gaya mata, sai in ga yadda ta rame, in haɗiye. Har yau ban san ko tausayinta na ji ba ko tsoron kaina.

A ciwonta na ƙarshe ta kama hannuna ta ce, "Hansai, makara muka yi. Da mun tono shi da wuri, da yayanki yana nan."

Na ce, "Haka ne, Inna."