Eriya a kan gorar shanya

Akwatin bai fi sabulun wanki biyu girma ba, amma maigidana ya shigo da shi a rungume. Ya ce rediyo ne. Na ce to ina wajen murɗo tasha? Ya yi dariya, ya ce wannan da ɗan'uwansa kawai yake magana: ɗaya a kan tankin ruwan gona, ɗaya a ofis, kwamfuta ta riƙa nuna ko ruwa ya yi ƙasa ba sai an aiki mutum ba.

Lokacin muna ɗakin bayan gidan wata Hajiya ma'aikaciya a Unguwar Rimi, 'yarmu tana rarrafe, shi kuma ya daɗe ba aiki. Wani kamfani ya ce in ya haɗa biyun suka ji juna daga Rigachikun zuwa cikin gari, za a ɗauke shi. Abin da bai gaya mini ba na tsinta a hirarsa da abokinsa: gonakin da za a riƙa tura shi suna can cikin daji, hanyoyin da direbobi ma ke gudu.

Ni ya bar wa na gida, shi zai tafi Rigachikun da ɗayan. Ya ce eriya za a fara ɗaurawa, in aka ba shi wuta babu ita ƙonewa zai yi. Sai igiya mai faɗin kai da ƙananan haƙora, ta shiga kwamfuta. Sannan batir: ja ga ja, baƙa ga baƙa. Ya sa na yi ta maimaitawa har na fara jin haushi.

Ranar gwajin na goya yarinya, don duk wayar da ta gani bakinta za ta kai. Na haɗa komai. Jar fitila ta kama, amma koriyar da ya ce za ta riƙa ƙiftawa ta ƙi. Ya kira, ya ce mutumin kamfanin na tsaye kusa da shi, ni kuma na gaya masa koriyar ta ƙi.

"Katangar nan ce da mangwaro suka tare saƙon. Don Allah cire batir, ki ɗaga eriyar sama yadda za ki iya."

Na zaro gorar da ke tokare igiyar shanya, zannuwan Hajiya suka kwanta a ƙasa. Na ɗaure eriyar da tsumma, na zuro wayarta ta taga, na mayar da batir, na fito na ɗaga. Hajiya ta leƙo.

"Ke 'yar nan, wankina kika zubar don ki kamo wa?"

Na ƙara ɗaga gorar. Ta taga na hango koriyar tana ƙiftawa. Wayata na maƙale cikin hijabi, ina jin yana hamdala, yana cewa kar in motsa sai sun gama dubawa. In hannuna ya ɗan sauka sai koriyar ta ɗauke, in na miƙe sai ta dawo. Yarinya na kuka a bayana, kafaɗuna kamar za su cire. Na san abin da nake ɗaga masa, na kuma san ba wanda zai zarge ni in na gaji. Na dai riƙe.

Sun ɗauke shi. Suka ba shi babur da hular kwano. Yanzu in ya fita, daga wani gari wayarsa ba ta ƙara shiga sai ya juyo. Nakan ɗora girki da wuri, in rage wuta, in zauna kusa da ƙofa.